Ramin Kerttu

Ƙanƙarar da ta rufe tafkin ba ta ko yi ƙara ba. Ta farkon hunturu ita ce mai mutunci, takan tsage ta yi kuka, ta ba mutum damar ja da baya. Ta ƙarshen hunturu kuwa munafuka ce. Kerttu ta ɗaga ƙafa ta ajiye kamar yadda ta saba, sai kawai ta ji babu komai a ƙarƙashinta, ruwa ya zo mata iya wuya.

Sanyin ya shaƙe ta. Numfashi ya ƙi shiga, ya ƙi fita. Ta sha gaya wa 'yan birni masu zuwa kamun kifi cewa in mutum ya faɗa, kada ya fara da kokawa, ya dakata numfashinsa ya dawo tukuna. Ashe gaya wa wani ya fi sauƙi. Abin da ya riƙe ta a sama shi ne rigar nan mai ruwan lemo wadda ba ta nitsewa, da ɗanta Ilpo ya saya mata, ita kuma take cewa ta mai da ita kamar leburan gyaran titi. Tana cikin ruwan ta lura da haka, abin kuma ya ƙara mata haushi.

"Ba yau ba," ta ce wa tafkin, haƙoranta na karo da juna. "Ba yau ba, ɗan banza."

Ga gidanta can gaba a kan tsibirin Haapasaari, ja, hayaƙi na tashi daga bututunsa. Duk jikinta can yake son nufa. Amma tun tana 'yar ƙarama ubanta ya dasa mata abu guda a ka: wanda ya faɗa, ya juya ya fita ta inda ya biyo, don nan kaɗai ya tabbata ƙanƙara ta ɗauke shi. Ta juya wa gidan baya. Ta laluba wuyanta ta fizgo ƙusoshin nan biyu masu ƙotar itace da kowane mai hankali ke ratayawa kafin ya hau tafki, ta kafta su a bakin ramin, ta ja. Bakin ya ruguje. Ta sake kaftawa, ya sake rugujewa, ruɓaɓɓiyar ƙanƙara na zubowa tsinke-tsinke. Ta miƙe ƙafafu a baya tana dukan ruwa, ta kai hannu can nesa ta soka da duk abin da ya rage mata na ƙarfi. Wannan karon ta riƙe. Ƙirji ya hau, ciki ya hau, gwiwa ta hau. Ba ta miƙe tsaye ba, sai ta yi ta mirginawa har ta ci karo da akwatin zamiyar da take ja da igiya, wanda ta ɗoro tarunta a kai.

Ta kwanta rigingine tana haki, tana kallon sama. Mace ta haura saba'in, ta ƙwaci kanta daga bakin mutuwa da hannunta, ka ce godiya ce za ta fara zuwa mata. Ina! Abin da ya fara faɗo mata shi ne alkawari.

Tun da mijinta Aatos ya rasu, a kan gadon asibiti, ba a ruwa ba, Ilpo ya sa ta gaba. Ya samo mata ɗaki a birnin Joensuu, a bene, kusa da likita, har da maɓallin da za ta danna in ta ji jiri. Kafin tafki ya daskare bana ya zo ya zauna a kicin ɗinta yana ta nuna mata hotunan ɗakin a waya, har ta gaji ta buga tebur.

"Ji nan," ta ce masa. "Ranar da na faɗa ruwa, ko sau ɗaya ne, zo ka kwashe ni. Ba zan ce uffan ba. Kafin ranar kuwa, kada in sake jin sunan Joensuu a gidan nan."

Suka tafa hannu a kai kamar masu cinikin doki. Ta faɗi haka ne don tun tana yarinya take taka tafkin nan, ba ta taɓa jiƙa ko gwiwa ba. Kuma duk yankin an san Kerttu: bakinta da zafi, amma in ta ce e, to e ɗin ce.

Ilpo kuwa yau zai zo. Da safe ma ya bugo waya.

"Mama, kada ki je cire taru. Jira ni, in na iso da rana sai in kai ki da mota."

"Da wannan motar taka, Kwaɗo? Ka kore mini kifin tafki kaf?"

"Duk makon nan rana ke dukan ƙanƙarar nan, Mama."

"A bakin ruwan nan aka haife ni, yaro. Ba kai za ka koya mini tafiya a kansa ba."

Gaskiyar magana, ba ta yi niyyar zuwa ba sai da ya ce kada ta je. Ta fita a makare, bayan rana ta ɗaga, ta cire tarun, ta faɗo kan hanyar da ke haɗa tsibirin da gaɓa, ta wajen hancin dutse inda ruwa ke gudu a ƙasa yana cin ƙanƙara ta ciki. Kowace shekara wurin ne ke fara ruɓewa. Kowace shekara kuma ita ce ke fara gaya wa mutane su kauce masa. Bana ta ce ai zai ƙara mako guda.

Ta tsinci dagin Aatos inda ya faɗi, ta yi zagaye mai nisa, tana sarar ƙanƙarar da ke gabanta kafin ta taka. Rigar ta daskare a jikinta tana ƙara kamar busasshiyar fata. Da ta isa gida yatsunta suka ƙi kama zif, sai da ta sa haƙori. Ta tuɓe a gaban tanderu, wanda tun asuba take gasa kalakukko a ciki saboda Ilpo, baƙin burodin nan mai ƙananan kifi da nama a tsakiya, da yake so tun yana yaro. Ta lulluɓa da bargon ulu, ta jingina baya da tubali mai ɗumi, sai rawar jiki ta zo mata gaba ɗaya. A nan ne tsoron ya kama ta, bayan komai ya wuce. Ta yi kuka kaɗan, na haushi da kunya, ta share da gefen bargo. Wayar da ke aljihunta ta sha ruwa ta mutu, ta jefa ta cikin kwandon itace.

Da jini ya dawo mata, wayo ma ya dawo. Ta kai rigar lemon ɗakin sauna, inda ake wankan tururi, ta cusa ta bayan itacen wuta. Ta goge ruwan da ya ɗiga a daɓe. Ta sa busassun kaya, ta taje kai, ta dafa kofi. Tana cikin zubawa ta dubi taga, ta ga dusar ƙanƙara ta fara sauka, manya-manya, a hankali.

Ta tsaya da buta a hannu. Kai, kamar aiko mata aka yi! In dusar nan ta ci gaba haka, kafin Ilpo ya iso ramin ya yi 'yar fata, an rufe shi, an rufe sawun mirginawar, tafki ya koma fari fat kamar ba a yi komai ba. Ilpo kuma babu abin da zai same shi. Kwaɗo ai don haka aka ƙera shi: wani baho ne mai tayoyi takwas, yana tafiya a tudu, yana tafiya a laka, in ƙanƙara ta fashe a ƙarƙashinsa ya yi iyo abinsa yana tusar hayaƙi. Ko ya afka a wurin ma, cewa za a yi nauyinsa ne. Ilpo ya saye shi musamman don makonnin nan da tafki ba ya ɗaukar ƙafa, ba ya kuma barin kwalekwale ya wuce. Ita ta raɗa masa sunan, ta kuma rantse ba za ta taɓa ɗora ɗuwawunta a cikinsa ba. Yau ga shi zai rufa mata asiri.

Saura Sulo.

Sulo shi ne tsohon da ke ɗaya ƙarshen tsibirin, su biyu kaɗai suka rage masu yin hunturu a nan. Tun da sassafe, lokacin ƙanƙara na riƙe da sanyin dare, ya haye gaɓa da keken zamiyarsa sayo kofi da magani. Zai zauna a shagon gidan mai ya yi ta zuba wa mutane ƙarya har rana ta karkata, sannan ya kamo hanya, ƙafa ɗaya a kan ƙarfen keken, ɗayar tana tunkuɗawa, yana waƙa, idanunsa kuwa ba sa bambance kare da kututture sai an yi haushi. Kuma ta kan sawunsa na safe zai dawo, babu tantama.

A tafkin nan duk wanda ya buɗe ƙanƙara shi ke kafa mata alama, ba a tambayar dalili. Ana saro 'yar bishiyar kuusi, mai ganyen allura da ba ya kaɗewa, a kafa a bakin ramin. Guda ɗaya a tsaye, ramin taru ne. Biyu a gicciye, wuri ne da ya haɗiye mutum. Yaron da aka haifa a nan yana sanin wannan tun kafin ya san hanyar makaranta. Ilpo a nan aka haife shi.

"In kafa ɗaya mana," ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a kicin.

Sai ta tuna halin Sulo. Bai taɓa ganin ramin tarun wani ya wuce ba, sai ya matsa ya leƙa ya ga wa ke samun kifi a ɓoye. Kuusi ɗaya kiransa ma zai yi.

Ta zauna. Ta tashi. Ta sha kofin a tsaye ya ƙona mata harshe. Ta tuna ɗakin Joensuu da tagarsa mai kallon wurin ajiye motoci, da maɓallin jiri, ta ji ta tsane shi har cikin ranta. Ta ce Sulo ai ya san tafki. Ta ce Sulo bai kai ta nauyi ba. Ta ce mutum mai shekaru irin na Sulo ai ya ci zamaninsa. Da ta ji wannan ta fito daga bakinta, sai ta ajiye kofin ta ɗauki gatari.

"Tsohon banza," ta ce tana sa takalmi. "Ko mutuwar ma ba zai je ya yi ta inda babu ruwana ba."

Ta zura tsohon kwat ɗin Aatos, ta rataya ƙusoshinta, ta saro kuusi biyu masu tsayin mutum a bayan ɗakin ajiya, ta ɗora su a akwatin zamiya ta gangara bakin tafki. A nan ƙafafunta suka ƙi. Abin da bai taɓa faruwa da ita ba: ta tsaya a kan dutsen ƙarshe tana kallon farin fili. Ta zage ƙafafun tas, irin zagin da take yi wa tumakinta a da in sun ƙi shiga garke, sannan ta taka.

Da ƙyar ta gane wurin. Dusa ta riga ta yi aikinta, in ba don ɗan duhun da ke tsakiya ba da ita kanta ta sake afkawa. Ta zagaya ta ɓangaren gaɓa, inda mai zuwa zai fara isowa, ta sari ramuka biyu da dagi, ta soka bishiyoyin ta gicciya su, ta tattake dusa a gindinsu. Suka tsaya baƙi ƙirin a tsakiyar fari, ana hango su daga nesa. Ba ta zaɓi ƙananan da za a ce ba a lura ba. In za a yi, a yi.

Tana cikin tattakewa ta jiyo waƙa. Sulo ya ɓullo cikin dusar, jakar kaya a kan kujerar kekensa, hular fata ta rufe masa kunne. Sai da ya kusa cin karo da kuusin ya ja ƙafa ya tsaya. Ya dube su. Ya dube ta cikin kwat ɗin mamaci. Ya dubi ɗan duhun da ke bayansu, daidai kan sawunsa na safe, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya faɗa?"

"Matar fasto," ta ce da gatse.

"Kerttu," in ji Sulo.

"In ka gama kallo, zagayo ta hagu, ka bi sawuna."

Ya zagayo a hankali, waƙa ta ɗauke. Maganar alkawarin babu wanda bai sani ba, shi da bakinsa ya baza ta a gidan mai.

"Yaron na tafe," ya ce. "Na baro shi yana sauke Kwaɗo daga tirela. To ai na wuce lafiya. Kama ɗaya in kama ɗaya mu tumɓuke, mu jefa bayan dutse. Wa ya gani?"

"Gobe Asabar. 'Yan birni za su zo da fatsa da 'ya'yansu."

"Sai mu mayar in ya tafi."

"In dusa ta shafe wurin fa? Da ƙafar wa za mu nemo ramin, taka? Ban taɓa cire kuusi daga bakin rami ba, ba kuma yau zan fara don tsoron ɗan da na haifa ba. Wuce mu je, akwai kofi."

Ba su gama kofi na biyu ba suka jiyo rugugin injin, yana tafe yana girgiza gilashin taga. Ya tsaya can nesa, ya daɗe a tsaye, sannan ya ci gaba. Kerttu ta gyara zama ta ɓoye hannuwanta ƙarƙashin tebur.

Ilpo ya shigo ko dusar takalminsa bai kakkaɓe ba. Ƙato ne mai sanƙo, ya kusa hamsin, amma fuskarsa a lokacin ta yaron da ya ɓata a kasuwa ce. Ya dubi uwarsa daga sama har ƙasa.

"Na wa ne kuusin da ke hancin dutse?"

"Nawa ne, ɗana," in ji Sulo, tun kafin ta buɗe baki. "Ni na faɗa. Da safe ina tafiya abina, sai ji na yi tsundum! Har wuya. Uwarka ce ta taimake ni da bishiya."

"Da safe, Kawu Sulo?"

"Da safe."

"Ka faɗa har wuya, ka fito, ka wuce gidan mai ka zauna hira."

"Ni ai jinina da zafi."

Ilpo ya dubi kwat ɗin Sulo a rataye, busasshe ƙayau. Ya dubi ƙusar da rigar lemo ke zama kullum, babu komai a kanta. Kerttu ta manta ta ɗaga hannu gyara gashi, ya ga gaɓoɓin yatsunta duk sun saɓule. Ya cire hula ya ja kujera ya zauna.

"To, Kawu, ka riƙa kula," ya ce a hankali. "Shekaru sun ja."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofi. Kerttu ta gane. Ya sani sarai, kuma ya zaɓi ya kau da kai. Ga maza biyu a teburinta, ɗaya da ƙarya ɗaya da tausayi, sun haɗu suna ba ta kyautar gidanta. Daga yau duk wayar da zai bugo da wannan muryar zai bugo ta, ta lallashin marar lafiya.

"Ƙarya yake yi," ta ce.

"Haba Kerttu, ke kuwa..."

"Rufe mini baki! Duk shekarun da ka yi kana koyo, har yau ko ƙaryar kirki ba ka iya ba." Ta ɗora hannuwanta biyu a kan tebur. "Ni na faɗa. Na faɗa har wuya, na juya, na fito da hannuna, na zo gida na gasa bayana, na koma na kafa alama. Rigar da ka saya mini tana sauna bayan itace, je ka taɓa. Ba zan zauna a gidana da sadakar kowa ba."

Ilpo ya ajiye kofin.

"Na ba ki hanya, Mama."

"Na gani. Ba na so."

"To kin san abin da kika ce. A kan teburin nan kika ba ni hannu."

"Na ba ka."

"Ba za ki ce uffan ba."

"Haka na ce."

"Sai ki haɗa kaya."

"Babu inda za ni."

Sulo ya duƙufa yana binciken gindin ƙoƙonsa kamar ya yar da wani abu a ciki.

"Ke da ba ki taɓa saɓa magana ba," in ji Ilpo.

"Ban taɓa ba. Yau zan ɗanɗana in ji yadda take. Macen da ta ba ka hannu gani take ba za ta taɓa faɗawa ba, wawuya ce. Ni na faɗa, na san sanyinsa, kuma na ce nan zan zauna. In ka ga dama kira 'yan sanda su ɗaure ni a bayan Kwaɗo."

Ilpo ya miƙe, kujera ta faɗi bai waiwaye ta ba.

"Kin san yadda nake wuni? Ina wurin aiki waya ta yi ƙara, cikina ya ɗuri ruwa. Kullum! Yau tun daga gaɓa nake kiran ki, wayar a kashe. Na taho na tarar da kuusi biyu a gicciye a kan hanyar uwata. Na sauka na tsaya ina kallon ramin nan, ban san ko kina ciki ba, Mama! Sai da na tuna wanda ya nitse ba ya kafa alama, sannan ƙafata ta ɗauke ni."

Kerttu ta juya ta dubi tanderu.

"Akwai kalakukko," ta ce.

Ya fita ya bugo ƙofa. Suka kasa kunne suna jiran injin ya tashi. Bai tashi ba. Can sai ga shi ya dawo, dagin Aatos a hannunsa. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a gabanta, kusa da gwangwanin sukari.

"Tunda yau ranar saɓa magana ce, ga wata. Kin rantse ba za ki hau shi ba. Ki ja dama ya yi dama, ki ja hagu ya yi hagu, ko Kawu Sulo zai iya. Daga yau har ƙanƙara ta tafi, ko taru ko gaɓa, a cikinsa za ki. Dagin Baba kuma da shi zan tafi."

"Ajiye mini dagina! Kai kuma da me za ka koma?"

"Da ƙafa. Motata na gaɓa. Sai dai in za ki tashi ki kai ni."

"Allah ya kiyaye in hau wannan baho."

"To, da ƙafa ke nan."

"Yanzu? Ƙanƙarar yamma ce, sakarai! Ta sha rana, ga dusa ta rufe komai, ga ka kamar bijimi. Kwana ka tafi da sanyin safe."

Ilpo ya sa hula ya ja ta har kunne.

"A bakin ruwan nan aka haife ni, Mama."

Sulo ya yi wani irin tari a cikin ƙoƙonsa. Kerttu ta watsa masa harara, ta bi ɗanta har bakin ƙofa. Ta cire ƙusoshin daga wuyanta ta rataya masa da ƙarfi kamar mai sa wa maraƙi igiya. Ta koma ta naɗe kalakukko cikin tawul ɗin kicin ta cusa masa a ƙirjin riga.

"Ka bi sawun Kwaɗo, kada ka kauce. A hancin dutse ka yi nesa da kuusin. In ka faɗa..."

"In juya ta inda na biyo. Na sani."

Ya gangara. Ta rufe ƙofa ta ce wa Sulo ita ba ruwanta, babba ne, ya yi abin da ya ga dama. Ta ɗauki ƙoƙuna za ta wanke, sai ta tsinci kanta a taga da su a hannu.

Yana tafe yana sara da dagi kafin ya taka, kafaɗa ɗaya a karkace, tafiyar ubansa sak. Kwaɗo na tsugune a bakin tafki, dusa na taruwa a bayansa. Ilpo ya yi ta ƙanƙancewa. Duk sarar da ya yi sai ta ji ta a cikinta. Ta san inda ruwa ke gudu, ta san nauyinsa, ta san yadda abin yake zuwa ba tare da ƙara ba. Ta kai hannu aljihu neman waya ta ce masa ya ƙara yin hagu, ta tuna wayar na cikin kwandon itace. Dusar ta ƙara kauri. Ta daina ganin kuusin, sannan ta daina ganin sa, tun bai kai hancin dutse ba. Babu komai a taga sai fari, da mutum nata a cikinsa, ita kuma tana ɗaki mai ɗumi ba abin da za ta iya. Tsoro ne, wanda ya fi na safe. Ashe haka yaron nan yake wuni.

Ta ajiye ƙoƙunan. Ta ɗauki makullin.

"Sulo, tashi ka nuna mini inda ake soka wannan abu."

"Ke da kika rantse..."

"Ba don shi za ni ba," ta ce, tana cusa hannu a kwat ɗin Aatos, ta riga ta kai ƙofa. "Ya tafi mini da tawul."